NOMAN LAMBU DA MATSALAR ƘWARI A ƘASAR KURA DA BUNKURE DA DAWAKIN KUDU

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakanin watan Janairu da na Maris, da zarar ya haye gadar Tamburawa ta ƙasar Dawakin Kudu ya doshi Kura, zai ga abin da ba kasafai ake gani a ƙasar Hausa a irin wannan lokaci ba. A sauran wurare ƙasa ta bushe, an kwashe amfanin gona, shanu suna kiwo a cikin kara. Amma a nan gonaki kore suke shar, ga tumatir da albasa da tattasai da masara, ga kuma kwanduna jere a bakin titi ana yi wa manyan motoci lodi zuwa Ibadan da Legas da Fatakwal. Dubban magidanta ne ke ci da iyalinsu daga wannan sana'a, kuma miyar gidaje masu yawa a Nijeriya ta dogara da abin da ke fitowa daga waɗannan gonaki.

Sai dai ruwan da ya raya lambun shi ne kuma ya raya maƙiyan lambun. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda noman lambu yake a da, da yadda zuwan ruwan Tiga ya sauya shi, da irin ƙwarin da ke addabarsa, sannan ta nuna dalilin da ya sa manomi ɗaya, komai ƙoƙarinsa, ba ya iya kare lambunsa shi kaɗai a wurin da gonaki ke manne da juna.

2.0 Lambun Da Da Kalmominsa

Noman rani tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma yawan kalmomin da harshen ya tanadar mata shaida ne a kan haka. Lambu shi ne gonar da ake yi wa ban-ruwa da rani. Garka ƙaramin fili ne da aka kewaye da shinge, a bayan gida ko a bakin rafi. Fadama kuwa ita ce ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya a cikinta da damina, ta riƙe danshi bayan ɗaukewar ruwan sama. Ana rarraba lambu zuwa ƙananan ɗakuna masu gefe na ƙasa don su riƙe ruwa, ana kiran kowane ɗaya fangali, wasu kuma su ce komi.

Abin ɗibar ruwa a wancan zamani shi ne jigo, watau doguwar sanda da aka ɗora bisa gwafa, an ɗaura mata dunƙulen laka a gindi, ga guga a ɗaya kan. Mai lambu zai janyo sandar ƙasa guga ya nutse, nauyin laka ya ɗago shi, ya juye ruwan a 'yar hanyar da za ta kai shi fangali. Aiki ne mai cin ƙarfi, don haka filin da mutum ɗaya zai iya shayarwa ba ya da yawa. A cikin wannan ɗan fili kuwa sai a tarar da albasa da gauta da yalo da alayyafo da lansir da barkono, wani lokaci har da alkama da taba, duk a cakuɗe.

Ba a ce lambun da ba ya da maɓarnata ba. Akwai fara da gara da gyare da ɓera, akwai tsuntsaye da awakin gari. Ana barbaɗa toka a ganye, a kafa mutum-mutumi, a yi shingen ƙaya, a sa yara tsaro da majajjawa. Amma ban da waɗannan dabaru, akwai abubuwa uku da ke kare lambun ba tare da mai shi ya lura ba. Na farko, lambuna a warwatse suke, tsakanin wannan fadama da waccan akwai busasshen daji mai nisa. Na biyu, shukar gauraye ce, ƙwaron da ke cin wannan ganye ba lalle ne ya ci na kusa da shi ba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, aikin yana da ƙarshe. Idan bazara ta yi tsanani rafi ya ƙafe, sai a tashi daga lambu, ƙasa ta yi wata biyu ko uku ba ɗanyen ganye. Ƙwarin da ba su sami abin ci ba a wannan tsakani yawancinsu mutuwa suke yi.

3.0 Zuwan Ruwan Tiga

An kafa Jihar Kano a shekarar 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko har zuwa 1975. Gwamnatinsa ta ba da ƙarfi ga gina madatsun ruwa. An fara da Bagauda, aka kuma yi gwajin noman rani na zamani a Kadawa. Daga nan aka gina babbar madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gallabi arewacin Nijeriya da Nijar. Tafkin Tiga yana ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2, kuma an tsara kashi na farko na aikin ban-ruwan Kogin Kano domin ya shayar da hekta 22,000. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Ruwan yana gangarowa ne da kansa ba tare da inji ba. Babbar magudana ta rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, su kuma suka rarrabu zuwa ƙanana har bakin gona, inda manomi ke sa lanƙwasasshen bututun roba ya zuƙo ruwa zuwa cikin kunya. An baje ƙasa, an yanka ta fili-fili, aka mayar wa manoma. Yawancin filayen ƙanana ne, da yawa ba su kai hekta ɗaya ba, kuma abin da ya raba na wannan da na wancan bai wuce 'yar kunya ba.

Burin masu tsara aikin shi ne a noma alkama da rani, musamman ma bayan da gwamnati ta hana shigo da ita a 1987. Amma manomi ya fi kowa sanin abin da ke kawo masa kuɗi, don haka tumatir da albasa da masara da shinkafa suka yi ta cin fili. Kura, wadda a da aka fi saninta da rini da bugu, har ake alfahari da rawani ɗan Kura, ta koma garin shinkafa da kayan miya. Kwanar Gafan ta ƙasar Garun Malam ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin tumatir a ƙasar nan. Ƙauyukan da magudana ba ta kai gare su ba, kamar na bakin kogi a ƙasar Dawakin Kudu, su ma abin ya shafe su, domin sakin ruwa daga madatsa ya sa kogin yana gudana da rani. Ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ya yaɗu a shekarun 1980 da 1990, ya kori jigo, mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai mutum goma.

Da haka ne waɗancan abubuwa uku da ke kare lambun da suka gushe. Gonaki sun haɗe sun zama shimfiɗa guda, shuka ta zama iri ɗaya a fili mai faɗi, kuma shekara ta daina samun giɓi, domin kafin wani ya gama tsinka wani ya yi sabon dashe.

4.0 Yadda Ake Aikin Lambu

Aikin tumatir, wanda shi ne jigon lambu a wannan yanki, yana farawa ne tun damina ba ta gama ɗaukewa ba. A watan Satumba ko Oktoba ake gyara ɗan wuri a yafa iri, a rufe shi da ciyawa, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Bayan mako huɗu ko biyar sai a cire a kai gona, wannan shi ne dashe. Ana yin dashe da yamma don kada rana ta kwantar da shukar. Daga nan sai ban-ruwa, da zuba taki, na gargajiya da na zamani, da noman ciyawa sau biyu ko uku. Irin da aka daɗe ana shukawa sun haɗa da Roma da wanda manoma ke kira UTC, saboda 'ya'yansu suna da tauri, suna jure doguwar tafiya a cikin kwando.

Sanyin hunturu shi ne abokin tumatir. A lokacinsa ne fure ke kamawa sosai, ƙwari kuma ba su cika kuzari ba. Wanda ya yi dashe da wuri yakan fara tsinka a watan Janairu. Idan kaya suka yi yawa a Fabrairu da Maris farashi yakan faɗi warwas, har a ga ana yanka tumatir ana shanyawa don a yi kauɗa. Wannan faɗuwar farashi ce ke sa wasu su jinkirta dashe, don su tsinka a Afrilu da Mayu lokacin da kaya suka yi tsada. Dabara ce ta kasuwa, amma tana kai shukar cikin zafin bazara, lokacin da ƙwari ke hayayyafa da gaggawa.

Akwai kuma batun mallakar fili. Ba kowane mai lambu ne mai gona ba. Wani gado ya ci, wani saye ya yi, amma da yawa haya ko aro ko jingina suke karɓa na rani ɗaya, har da 'yan kasuwa da ma'aikata daga birnin Kano. Sau da yawa kuɗin haya da na iri da na taki bashi ne, wanda za a biya ranar da aka sayar da kaya. Saboda haka idan ƙwari suka cinye lambu, ba amfanin gona kaɗai aka rasa ba, bashi ma yana nan yana jira.

5.0 Maɓarnatan Lambu

Ya kamata a bambanta kalmomi biyu da rubutu kan haɗa su. Kwari, da "k" mara lanƙwasa, shi ne wuri mai gangare inda ruwa ke taruwa. Ƙwari, da "ƙ" mai lanƙwasa, jam'in ƙwaro ne. Mai lambu yana neman na farko, yana gudun na biyu. A bakin manoma kalmar ƙwari takan haɗa duk wani ƙaramin abu mai ɓarna, amma ana iya kasa maɓarnatan lambu gida huɗu.

Kashi na farko su ne masu cin ganye da 'ya'ya. A cikinsu akwai koriyar tsutsar nan da ke huda ɗan tumatir ta tura kanta ciki, wadda kuma ita ce ke cin auduga da masara. Akwai ƙaramar tsutsar kabeji da ke mayar da ganye kamar rariya. Akwai fara da babe. A farkon 2016 kuma aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka a gonakin masara na Nijeriya, mai shiga cikin ƙoƙon masara ta cinye sabon ganye.

Kashi na biyu su ne masu tsotso. Ga darɓa, mai taruwa a bayan ganye tana barin danƙo mai zaƙi da tururuwa ke bi. Ga farin ƙuda, wanda ɓarnarsa ta wuce tsotso, domin shi ke ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir daga wannan shuka zuwa waccan. Tumatirin da ya kamu da ita tun yana ƙarami yakan tsumbure, ba ya yin 'ya'yan kirki, kuma babu feshin da ke warkar da shi. Ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu ɓuya a matsatsin ganyen albasa, suna kankare shi har ya yi fari-fari. Da zafi ya shigo kuma sai wani ɗan jan ƙwaro mai saƙa kamar ta gizo-gizo ya bayyana a ganyen tumatir da yalo.

Kashi na uku suna cikin ƙasa. Gara da gyare da gwazarma sanannu ne. Wadda ba a sani ba sosai ita ce wata tsutsa da ido ba ya gani, mai shiga saiwa ta sa ta yi ƙulu-ƙulu. Manomi zai ga shuka tana yaushi alhali ga ruwa ga taki, sai ya tuge ta ne zai ga saiwar ta kumbura. Wannan tsutsa tana taruwa ne a filin da ake maimaita tumatir ko kuɓewa shekara da shekaru.

Kashi na huɗu su ne ɓera da gafiya da tsuntsaye, musamman jan-baki mai zuwa garke guda ya sauka a kan alkama da shinkafa. Ciyawar kacala, wadda ke toshe magudanun ruwa, ta zama masauki gare shi.

6.0 Shekarar Sharon

Duk waɗannan manoma sun saba da su, suna kuma lallaɓawa da su. Abin da ya girgiza yankin shi ne wani ɗan malam-buɗe-littafi mai ruwan toka, wanda tsawonsa bai wuce milimita 7 ba. Masana suna kiransa Tuta absoluta. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, inda shi ma tumatir ya samo asali. Tumatir ya riga shi fitowa duniya da ɗaruruwan shekaru, sai a 2006 aka gan shi a Sifen. Daga can ya tsallaka Afirka ta Arewa, ya biyo ta ƙasashen Sahel, aka tabbatar da shigowarsa Nijeriya a 2015. Manoma suka laƙaba masa suna sharon, 'yan jarida kuma suka ce Ebolar tumatir.

A bazarar 2016 ya yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Filato. Lambun da aka bari kore sai a dawo bayan 'yan kwanaki a tarar da shi kamar an bi shi da wuta. A watan Mayu na shekarar Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, hukumominta suka ce abin ya shafi kimanin kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir a wuraren da ya ɓulla. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar da niyyar markaɗa tan 1,200 a kullum, ta dakatar da aiki don rashin kaya. Farashin kwando ya ninka sau da yawa, matan aure a birane suka koma ga tumatirin gwangwani da kauɗa. Annobar ta sake dawowa da ƙarfi a 2023.

Sanin rayuwar wannan ƙwaro shi ke bayyana dalilin ƙarfinsa. Da rana yana ɓuya, da dare yake yawo. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260, tana liƙa su a ganye da kara. A cikin kwana huɗu zuwa shida su ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta riƙa ci daga ciki, tana barin tabo fari kamar takarda. Idan ganye ya ƙare ta koma kara da 'ya'ya. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa ko ta naɗe a ganye, ta fito da fiffike. Duk wannan zagaye ba ya wuce wata guda a lokacin zafi, don haka a shekara ɗaya ana iya samun zuriya goma ko sha biyu, muddin akwai abinci. Abincin nasa kuwa bai tsaya ga tumatir ba, yana rayuwa a kan yalo da gauta da dankalin Turawa, da ciyayi danginsu irin su gautan kaji da zaƙami. A wurin da ruwa ba ya yankewa, ɗaya daga cikin waɗannan ba ya taɓa rasuwa.

7.0 Feshi Da Abin Da Ke Biyo Bayansa

Abu na farko da manomi ke yi in ya ga ƙwari shi ne ya goya injin feshi. Ba laifinsa ba ne, domin dukiyarsa ce ke salwanta a gaban idonsa. Amma feshi barkatai yana da illa uku.

Ta farko, maganin da ke kashe ƙwaro in ya taɓa jikinsa ba ya isa ga tsutsar da ke cikin ganye. Ta biyu, a cikin dubban ƙwari ba a rasa 'yan kaɗan da jikinsu ke jure wa magani. Idan aka fesa sauran suka mutu, waɗannan ne za su rage su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. In aka ci gaba da fesa magani iri ɗaya, ƙwaron da ke sabunta zuriya duk wata ba zai daɗe ba ya gagari maganin. Sai manomi ya ce maganin jabu ne, ya ƙara yawansa, ko ya haɗa iri uku a tanki ɗaya. Jabun magani yana nan a kasuwa, amma sau da yawa sunan kwalba ne ya bambanta, sinadarin da ke ciki ɗaya ne.

Illa ta uku ita ce kashe abokan manomi. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro da mazari da kwaɗi da ƙadangaru duk ƙwari suke ci, haka ma ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke kiwo a kan darɓa. Guba ba ta bambanta su da maɓarnata, kuma su ne ba sa saurin farfaɗowa. Wannan ya sa lambun da aka fi yi wa feshi wani lokaci shi ne farin ƙuda ke fi yi wa rubdugu.

Ban da wannan akwai lafiyar mutane. Ana ganin matasa suna feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci, suna gauraya magani da hannu. Ana wanke tanki a magudanar da ake wanka da wanki a cikinta, dabbobi kuma suke sha. Kowane magani yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a tsinki abin da aka fesa, an kuma rubuta a jikin kwalba, amma in mota tana jira a bakin titi ba kowa ke duba wannan ba. Gamalin, wanda aka daɗe ana amfani da shi a gona har da kamun kifi, yana cikin magungunan da ƙasashen duniya suka amince a daina a 2009, saboda daɗewarsa a ƙasa da jikin ɗan Adam.

8.0 Abin Da Mutum Ɗaya Zai Iya Da Abin Da Sai Jama'a

Masu bincike, kamar na tashar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Kadawa da na reshen cibiyar binciken kayan lambu da ke Bagauda, sun daɗe suna nuna cewa feshi shi ne makami na ƙarshe. Akwai matakai da dama kafin a kai gare shi.

Kariya tana farawa daga wurin renon iri. Idan aka rufe shi da raga mai ƙananan idanu irin ta gidan sauro, farin ƙuda da sharon ba za su kai gare shi ba, a kai dashe gona lafiya lau. Sai yin dashe da wuri, don a ci moriyar sanyi. Sai zagaya lambu kullum da safe ana ɗaga ganye ana dubawa, a tsinke wanda ya yi tabo, a kwashe 'ya'yan da suka huje, a binne su a rami mai zurfi maimakon a watsar a bakin kunya. Akwai tarko mai sauƙi, watau kwano da ruwa da ɗan sabulu, a rataya fitila a kansa da dare. Akwai kuma wanda ake sa wa ɗan ƙullin roba mai ƙamshin macen sharon, mazan su taru su faɗa ruwa. Amfanin wannan tarko biyu ne, yana rage su, yana kuma sanar da manomi ranar da suka fara yawa.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, itaciya ce da asalinta daga Indiya, ga ta kuwa a kowane ƙauye. Idan aka daka ƙwallon 'ya'yanta kimanin rabin kilo, aka jiƙa a lita goma ta ruwa ya kwana, aka tace aka sa ɗan sabulu, ana samun ruwan feshi mai hana ƙwari cin abinci da girma. Ana fesa shi da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa, a kuma maimaita bayan mako guda. In kuwa ya zama dole a sayi magani, sai a nemi shawarar malamin gona, a bi ma'aunin da aka rubuta, a riƙa sauya sinadari ba sunan kwalba kawai ba. Haka nan juya shuka yana da amfani, watau filin da ya ɗauki tumatir bana ya ɗauki albasa ko masara ko alkama baɗi.

Duk wannan mutum ɗaya zai iya. Amma a ce ya yi duka, maƙwabcinsa kuma ya gama tsinka ya tafi ya bar tsohon tumatir tsaye yana tofo da ragowar danshi. Wannan fili ya zama gidan renon sharon, a dare ɗaya za su tsallako kunya. Wanda ya karɓi haya ta rani ɗaya ba ya ganin dalilin kashe kuɗi wajen share gonar da ba shi zai shuka baɗi ba. Nan ne ƙoƙarin mutum ɗaya yake tsayawa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma a lambu shafa ruwa ba ya wadatarwa, sai an taru an kashe wutar.

Abubuwan da sai jama'a sun haɗu guda uku ne. Na farko, manoman da ke shan ruwan magudana ɗaya su yi dashe a lokaci guda, don kada ƙwari su riƙa tashi daga tsohuwar shuka suna sauka a kan sabuwa. Na biyu, a tsayar da ranar da kowa zai tuge tumatirinsa ya ƙone ko ya binne, a kuma sa wannan a cikin sharaɗin haya tun ranar ƙulla ta. Na uku, a bar wasu makonni a shekara da ba tumatir ko danginsa a yankin baki ɗaya, a nome gautan kaji da zaƙami daga bakin magudanu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin En'e akwai dokar da ta tilasta wa manoman auduga su tuge karanta su ƙone bayan tsinka, don a katse zuriyar tsutsar auduga kafin shuka ta gaba.

Masu iya tsayar da irin wannan doka suna nan. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin gyaran magudanu da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, kuma su ke tsara rabon ruwa da yashe hanyoyinsa. Akwai sarakunan noma da masu unguwanni da dagatai, waɗanda maganarsu ke da nauyi a wurin mai gona da ɗan haya. Al'adar gayya ma ba ta mutu ba. Mutanen da suka iya haɗuwa su yashe magudana za su iya haɗuwa su share gonaki.

9.0 Kammalawa

An ga yadda lambun da ya sami kariya daga nisa da gaurayen shuka da hutun bazara, da yadda ruwan Tiga ya kawo arziki ya kuma kawar da waɗannan abubuwa uku. An ga cewa sharon da farin ƙuda suna ƙarfi ne saboda abincinsu ba ya yankewa, kuma yawan feshi yana ƙara musu juriya yana kashe masu cinsu. Babu mai fatan a koma zamanin jigo. Abin da ake bukata shi ne hutun da ƙafewar rafi ke tilasta wa ƙasa a da, yanzu jama'a su tsayar da shi da kansu ta hanyar shawara da yarjejeniya. Ruwan da ke shiga gonakin Kura da Bunkure da bakin kogin Dawakin Kudu na tarayya ne, an kuma daɗe da sanin cewa sai da tsari ake rabonsa. Ƙwarin da ke bin ruwan su ma na tarayya ne, kuma irin wannan tsari suke bukata.